Shekarar da Na Kai Iri Gaban Bagade

Kaka ce, amma ba ta yi kama da kaka ba. A sauran shekaru, in lokacin nan ya zo, Kaura takan cika da ƙamshin sabon gero, amalanke da jakuna suna shigowa daga Ɗan Isa da ƙauyukan kewaye, dami bisa dami, mata suna sussuka a kowane lungu har ƙaiƙayi ya shiga wa mai wucewa wuya. A waccan shekara kuwa mutane ne suka riƙa shigowa a maimakon hatsi. Za ka ga mace da tabarma a ka, tukunya a hannu, yara suna biye, ba ta tambayar hanya domin ita ma ba ta san inda za ta ba. 'Yan bindiga sun hana noma a daji. Ɗan fegin da muke aro a hanyar Ɗan Isa, babanku ya shuka shi, ya yi noman fari, daga nan aka ce kowa ya tsaya gida. Ko zangarniya ɗaya ba mu gani ba. Haka na wuni na kwana a shekarar nan kamar wadda ta shiga ɗaki ɗauko wani abu, ta tsaya tsakar ɗakin ta manta ko mene ne.

Ishaya, Rahila, Lami, ina rubuta wannan ne da hannun da ya koyi riƙon fensir ina da 'ya'ya uku, a ajin yaƙi da jahilci, don haka ku yi haƙuri da layukan da suka karkace. Na ji abin da Rahila ta gaya wa mijinta ranar sunan ƙaramarta, cewa kawunku Usman ba ya sake jiki da mu saboda mu 'yan coci ne, shi ya sa ko allura ba ya ba ni ajiya. Ban ce komai ba a ranar, akwai baƙi. Amma ba haka ba ne, kuma ba na so in mutu in bar masa wannan a wuya. Rabinsa gaskiya ne: har yau bai sake ba ni ajiya ba. Dalilin ne kuka ɓata.

Babanmu, a tungarmu da ke bayan Zurmi, bai taɓa shiga masallaci ba, bai taɓa shiga coci ba. Akwai wata tsamiya a bayan gida, can yake kai baƙar kaza kafin shuka. Yaya Usman ya musulunta tun yana saurayi. Ni kuma na auri babanku Markus, mutumin kudancin Kaduna da aikin jirgin ƙasa ya kawo Kaura, aka yi mini baftisma aka sa mini Hannatu. Ranar ɗaurin aurenmu Yaya bai shiga cikin cocin ba, amma ya tsaya a gindin dogonyaro har aka tashi, da kayan garata a kan jaki. Kowace Babbar Salla cinya guda tamu ce. Kowace Kirsimati shi yake zuwa ya yanka mana kaji da hannunsa, don shi da maƙwabta su iya ci. Ku da kanku kun sha tsinke fuka-fukan. To ina ƙiyayyar coci a nan?

Abin da Baba ya bar mana ba shanu ba ne, gero ne. Wani iri ne mai gashi, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kai ya ci, kuma yana nuna da wuri, tun na maƙwabta bai gama fidda kai ba. Baba ya ce kakansa ya zo da shi, ban san daga ina ba. Kowace kaka, kafin a fara girbi, yakan shiga gona shi kaɗai ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya yanke su da dogon kara don a samu wurin ɗauri, ya barbaɗe su da toka saboda ƙwari, ya ɗaure da kaba, ya rataye bisa murhu inda hayaƙi zai riƙa bugunsu. Duk wanda ya taso a ƙauye, in ya ga dami mai toka da ƙullin kaba, ya san iri ne. Ko yunwa ta kai ana cin tafasa ba gishiri, ba a duban wurin.

Shekara guda kafin kakar da nake ba ku labari, Yaya ya shigo gidan nan da hantsi, ƙafarsa duk faso, da ɗan dami a cikin tsohon buhu. Bai zauna ba sai da ya rataye shi da kansa bisa murhuna.

“Auta, ga irin Baba,” ya ce. “Shi kaɗai nis samu fitarwa. Rumbun sun sa mai wuta.”

“To Yaya, in aje maka har yaushe?”

“Ki aje muna dai. Naki na, nawa na. Ran da daji yal lafa, sai mu gani.”

Ya sha ruwa, ya ce zai bi iyalinsa ta Shinkafi, wataƙila su ƙetara Nijar wurin dangin matarsa. Daga nan shiru. Rani ya wuce, damina ta zo ta wuce, wayarsa ba ta shiga. Wani ya ce ya gan shi a Jangeru, wani ya ce ba shi ba ne. Mutanen tungarmu da na riƙa gamuwa da su a kasuwa suka ce in cire rai, ba mai sake noma wurin, ciyawa ta rufe har rijiya.

Ana saura mako guda a yi godiyar kaka, ranar da kowa yake kawo amfanin gonarsa gaban Ubangiji, Fasto ya yi wa'azi a kan bayarwa. Sa'an Ishaya ne, daga Filato aka turo shi, amma Baba Fasto muke ce masa. Yana da murya mai taushi, irin wadda ke shiga mutum ba tare da ta buga ƙofa ba. Ya ce ya san shekarar ta yi wuya, amma kada mu kawo wa Ubangiji abin da kaji suka rage. Ya ce Allah bai ba mu ragowa ba, Ɗansa ya ba mu. Kowa ya koma gida ya duba abin da ya fi kyau a ɗakinsa, wanda in ya fita zai ji zafin fitarsa, wannan shi ne baiko, wato kyautar da ake miƙa wa Allah.

Na dawo gida na duba. Babanku ya ce a auno tiya biyu a kasuwa, Allah ya san ba mu yi noma ba. Na auno. Da na zube shi a faifai, rabi tsakuwa, rabi ƙwari sun huda, ga wari irin na hatsin da ya daɗe a ƙasan buhu. Na yi shiƙa, na yi tsinta, bai canza ba. Ran Alhamis a taron zumuntar mata, Maman Bitrus, shugabarmu, ta ce 'yan'uwanta sun aiko mata da buhun masara daga gida, kuma za ta haɗa da zakara. Ba da gori ta faɗa ba, mace ce mai kirki. Amma na dawo na tsaya a madafa ina kallon bisa murhu.

A nan ne nake so ku karanta a hankali, domin ni ma har yanzu ban gama warware shi ba. Na ce wa kaina, babu abin da ya fi wannan dami kyau a gidan nan, kuma babu abin da fitarsa za ta fi yi mini zafi. Ashe shi Fasto yake nufi. Na ce wa kaina, Yaya da bakinsa ya ce nawa ne. Na ce, iri ba ya dawwama, in ya shekara biyu uku a rataye zai mutu a banza, gara a ba Mai shi. Na ce, abin da Baba ya riƙa roƙa wa albarka a gindin tsamiya, bari yau ya shiga gidan Allah na gaskiya. Duk waɗannan na faɗa, kuma duk da zuciya ɗaya na faɗe su. Amma akwai wata ƙaramar murya a ƙarƙashinsu da ke cewa, Hannatu 'yar manoma ba za ta taka rawa gaban mata da tiya biyu ta ruɓaɓɓen gero ba. Wace ce a cikin muryoyin nan ta ɗaga hannuna? Na tambayi kaina ya fi a ƙirga. Wata rana in ce bangaskiya ce, wata rana in ce kunya ce ta ɗaura zanen bangaskiya.

Ran Asabar da rana na sauke shi. Na ga bai dace in kai wa Ubangiji abu mai dauɗa ba, sai na kakkaɓe tokar tas, na bi kowace zangarniya da tsumma, na yanke kabar na jefa a wuta, na ɗaure shi da sabon ƙyalle daga ragowar atamfar zumunta. Ya fito fes, gashinsa yana sheƙi. Ban lura ba a lokacin cewa duk abin da zai gaya wa wani cewa iri ne, na cire shi da hannuna.

Babanku yana zaune a kujerarsa yana gyaran rediyo. Ya ɗago.

“Maman Ishaya, wannan ba kayan yayanki ba ne?”

“Ya ce nawa ne, nasa ne.”

“To rabin wa za ki kai, naki ko nasa?”

“Baban Ishaya, ka bar ni da abin da ke damuna.”

“Na bar ki. Ku kuka san yarenku na gero. Mu 'yan acha ne, abin da aka zuba mana a kwano shi muke ci.”

Ran Lahadi aka buga tulu da kacau-kacau, mata muka shiga layi muna rawa zuwa gaba. Yawancin mutane leda ce a hannunsu, hatsin awo, wasu sabulu, wasu 'yan kabewa. Ni kaɗai ce da dami a ka. Na ji ana cewa, “Kai, a ina Maman Ishaya ta yi noma bana?” Maman Bitrus ta rangaɗa guɗa a kunnena. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na durƙusa na ajiye shi gaban bagade, teburin da ake miƙa baiko a kai, na ji kamar an sauke mini dutse, hawaye suna zuba, na ce Ubangiji ga abin da nake da shi.

Sai muka zauna, Fasto ya hau wa'azi. Ni na zaci zai ci gaba da maganar bayarwa. Sai ya ɗauko maganar aminci. Ya ce mai bin Yesu ana gane shi ne a ƙaramin abu, a ajiyar da aka ba shi ba shaida, a alkawarin da ba wanda ya rubuta. Ya ce Ubangiji ya koyar cewa in ka kawo baikonka har gaban bagade, sai ka tuna akwai abin da ka yi wa ɗan'uwanka, ka bar baikon nan, ka je ku shirya tukuna. Allah ba ya gaggawa, zai jira ka. Mutum ɗaya, baki ɗaya, makon jiya ya ce in kawo, yau kuma kamar yana cewa me ya sa na kawo. Damin yana nan a gabana, bai fi taku goma ba. Da na tashi na ɗauka, da yanzu ba na wannan rubutu. Amma yaya mace za ta tashi a gaban jama'a ta ƙwace abin da ta ba Allah, bayan an yi mata guɗa? Kuma in na bar baikon na tafi neman ɗan'uwana, ina zan same shi, Jangeru ko Nijar ko kabari? Na zauna ina murza bakin zanena har aka yi addu'ar rufewa.

A shekarar dattawan ikkilisiya sun yanke cewa ba za a sayar da kayan godiya ba, za a raba wa masu gudun hijira, Kirista da Musulmi, duk wanda yunwa ta kama. Ran Litinin aka raba. Na ji labari, na ce to, shi ke nan, ya shiga cikin mabukata, Allah ya karɓa. Amma bisa murhuna, inda damin ya shekara, hayaƙi bai taɓa bangon ba, sai ya bar wani farin wuri mai siffarsa. Kullum in na durƙusa hura wuta sai na gan shi. Na rataya kwando a wurin, ya ƙi rufe shi duka.

Da bazara, zafi ya kai inda yake kaiwa, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, sai ga sallama a ƙofar gida da la'asar. Yaya ne. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, amma yana dariya. Ya ce sun yi zaman Nijar sun gaji, yanzu iyalin suna Zurmi a gidan wani ɗan'uwan matarsa. An ce daji ya ɗan lafa ta wajenmu, magidanta za su riƙa shiga da safe su yi shuka su fito kafin yamma. Na shimfiɗa masa tabarma, na dama fura na ajiye a gabansa. Ya tsokani babanku, ya ce har yanzu jirgin nasu bai iso ba? Babanku ya ce yana hanya, ya tsaya shan ruwa a Zariya tun shekara ashirin. Suka yi dariya. Sannan ya juyo.

“Auta, ɗauko muna irin Baba in gani ko ƙwari sun taɓa shi.”

Ban iya tashi ba. Shi ya tashi, ya leƙa madafa, ya ɗaga kwandon, ya daɗe yana kallon farin wurin nan. Ya dawo ya tsaya a kaina.

“Ɓarayi?”

“A'a, Yaya.”

“Yunwa ta kama ku kunka ci? In shi na, faɗa min, ba komi. Rai ya fi iri.”

“Ba mu ci ba. Coci nik kai shi. Ranar godiya.”

Na so ya yi faɗa. Da ya ɗaga murya, da na samu abin riƙewa. Sai ya koma ya zauna a hankali kamar mai ciwon baya.

“Allahn naku cin iri shikai?” ya ce. Ba da izgili ya tambaya ba, tambaya ce ta mai son ya gane. “Auta, ko Baba da ka zuba ma tsamiya jini bai taɓa ba ta iri ba. Kaza shika ba ta. Mu ma muna fidda zakka, amma ba daga iri ba. Wa ag gaya miki haka a kai?”

“Kai kac ce nawa na.”

“Na ce naki na, nawa na. Rabin maganar kinka ji.”

Ya sa takalmansa. Furar tana nan ƙudaje suna zagaya bakin ƙwaryar. Tunda nake da shi, ko muna yara muka yi dambe, bai taɓa tashi ya bar abin da na dama ba. A bakin ƙofa ya ce wa babanku sai wani jiƙon, ni bai ce mini komai ba.

Washegari na tafi gidan Fasto. Da na fara ba shi labari fuskarsa ta washe, ya ce ya tuna damin nan sarai, har ya yi misali da ni a wani coci da aka gayyace shi. Da na kai ƙarshe, ya cire tabarau ya riƙe kansa.

“Mama, ni ban ce a kawo ajiyar mutane ba.”

“Ka ce abin da ya fi kyau a ɗaki, Baba Fasto. Wanda fitarsa za ta yi zafi.”

“Na faɗa. Amma abin da ba naki ke kaɗai ba, ba ki da ikon bayar da shi, ko ga Allah ne.”

“To ke nan bai karɓa ba?”

Ya ce yara marasa abinci sun ci, kuma ba zai iya cewa wannan ba komai ba ne a wurin Ubangiji. Na ce to ke nan ya karɓa. Ya ce shi bai ce haka ba.

“Mama, ni ɗan gari ne, ban san ana rataye iri da toka ba sai yau. Ko ya karɓa ko bai karɓa ba, wannan ya fi ƙarfina. Abin da na sani, ɗan'uwanki yana da magana a kanki, kuma yanzu kin san inda yake.”

Na fito da ruɗanin da ya fi wanda na shiga da shi. Na biya wurin Maman Bitrus, domin ita ta raba kayan. Ta ce ai ba ta manta ba, wata tsohuwa ce daga wajen Jangeru, Inna Dije, ta ƙi karɓar masara ta ce damin nan take so. Ita da jikokinta suna zaune a wani kangon gini bayan tashar jirgi. Na ce bayan wata biyar me zai rage? Amma ƙafata ta kai ni.

Na same ta a inuwar bango tana tsinkar zogale, 'yar ƙaramar tsohuwa mai ido kamar na shaho. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Ashe ke ta. Na daɗe ina son in ga matar da tash shafe ma iri toka, taɗ ɗaura mai ɗankwali kamar amarya.”

“Inna, kin gane iri na?”

“Yarinya, shekarata nawa ina noma? Dogon kara, ga warin hayaƙi. Ko makaho ya sani. Jikoki huɗu gare ni nan, kwana biyu ba su ci ba. Na daka shi ina kuka, ina neman gafarar mai shi. Amma ban iya dake shi duka ba, hannuna ya ƙiya.”

Ta shiga ciki ta fito da wani tsumma. Zangarniya biyar, an barbaɗe su da toka, an ɗaure da kaba. Gashin nan na geron Baba yana leƙowa. Na zauna a ƙasa. Na miƙa hannu, sai kuma na janye, don ban san ko ina da ikon karɓa ba: na ba Allah, Allah ya ba ta, yanzu in na karɓe, daga hannun wa na karɓe? Ashe ba sai na wahalar da kaina ba, ita ta riga ta yanke.

“Mayar da hannunki. Ba ni ba ki.”

“Inna, na yayana na. Ruwa ya kusa sauka.”

“Shi ya sa. Wadda tak kai iri wurin rawa, ba ni damƙa mata iri. Ki zo da mai shi, in ga hannunai, in san manomi na. Ni ba ni da gona, shi ba shi da iri. Mu yi magana da shi. Ke dai aikinki ki kawo shi.”

Ta naɗe tsummanta ta koma tsinkar zogale, kamar na riga na tafi.

Da yamma na gaya wa babanku. Ya ce hanyar Zurmi ba ta da tabbas, ko makon jiya an tare mota, in kira shi a waya mana. Na kira sau uku, tana shiga, ba a ɗauka. Babanku ya ce to a aika direba da saƙo. Na ce ba direba ne ya sauke damin ba. Ya dube ni, ya ce shekara talatin da wani abu bai taɓa jin na yi gardama ba sai a kan gero. Na yi addu'a kafin in kwanta, amma ban san me zan roƙa ba, gafara ko godiya. Sai na ce, Ubangiji, ka san wanda ya dace, ka ɗauka a ciki.

Da gari ya waye, kafin in hura wuta, na durƙusa gaban murhu na ɗebi toka mai sanyi cike da hannu biyu, na ƙulle a ƙyalle. Na yanki kaba daga tsohuwar tabarma na haɗa. Ban ɗauki tsaraba ba. Na shiga motar farko, ba wanda ya yi magana a cikinta har muka ga rufin kwanon Zurmi.

Na same shi a kasuwa, a layin 'yan hatsi, ya tsuguna gaban wani buhu yana juya gero a tafin hannunsa, yana ɓata fuska. Na durƙusa a gefensa, a cikin mutane, da tsufana. Na ce Yaya na ci amanarka, ba coci ce ta ci ba, ni ce. Na ce saura zangarniya biyar, suna hannun wata tsohuwa a Kaura, ta ce ba ta ba ni, sai kai. Bai dube ni ba. Ya zubar da geron hannunsa cikin buhun, ya kakkaɓe tafinsa.

“Biyar?”

“Biyar.”

“Tsohuwar tana da hankali,” ya ce. Sai idonsa ya sauka kan ƙullin da ke hannuna. “Wannan fa?”

“Toka ta. Da kaba.”

Ya karɓa, ya kwance, ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya murza, kamar yadda Baba yake yi don ya ji ko ta yi laushi. Sannan ya ƙulle, ya jefa a aljihun rigarsa, ba a hannuna ya mayar ba.

“Tashi, Auta,” ya ce. “Hadari na haɗuwa. Kin karya kumallo kuwa?”